Tsagar Fuskar Kaka

Kawunku Bulus ya daɗe yana ba ku labarin cewa Babanmu ne ya hana ni zuwa Kaduna koyon zane, wai don yana ganin zana mutum aikin masu gumaka ne. Na sha jin sa yana faɗa a wurin biki, ina yin shiru, domin labarin yana da daɗi a bakinsa, shi kuwa a lokacin ko ɗaurin wando bai gama iyawa ba. Amma yanzu da na ji 'ya'yanku sun fara maimaitawa, gara in rubuta yadda aka yi. Babu wanda ya hana ni. Ni na ƙi, da bakina, a gaban mutum uku.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ce. Ina aji uku a sakandaren 'yan mata, daga gida nake zuwa. Gidanmu yana bayan tashar jirgi a Kafanchan, inda Baba yake akawun ɗakin kaya, ran Lahadi kuma dattijo ne a majami'a, shi ke karanta sanarwa. Da damina, in jirgin kudu ya tashi da safe, tururinsa yakan haɗu da gajimaren da ke saukowa daga duwatsun Kagoro, sai unguwar duka ta zama kamar takardar da aka jiƙa. Mata masu tallan gyaɗa su fito daga cikin farin nan ba a ganin ƙafafunsu, su wuce ni, su sake narkewa. Nakan makara saboda kallo. Ni yarinya ce marar magana. In baƙo ya shigo, bayan labule nake tsayawa ina haddace takalminsa.

A farkon daminar nan Baba ya je ƙauyenmu, can gaba da Samaru Kataf, ya ɗauko mahaifiyarsa, domin ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya zuwa rafi. Ta yarda ta zo da sharaɗi ɗaya: in an yanke acca a mai da ita, domin a can take so a binne ta. Baba yana ce mata Ayang, wato uwa a yarenmu, mu kuma Kaka. Hausarta ta ciniki ce kawai, saboda haka duk maganarta da za ku karanta a nan ni na juya muku. Tun ranar farko ta kama ni ina kallonta ta gefen ido.

"Wannan 'yar taka hawainiya ce," ta ce wa Baba. "Jiki ba ya motsi, ido yana yawo."

Sunan ya bi ni har ta rasu. Abin da nake kallo kuwa fuskarta ce. Daga gefen idanunta zuwa haɓa tsaga ce layi-layi, sirara, sun fi fatarta baƙi, kamar kunyoyin gona in an hango su daga kan dutse. A goshi akwai wasu gajeru, tsaitsaye. In ta yi dariya layukan su taru, in ta yi gyangyaɗi a gindin mangwaro su buɗe su kwanta. A gidanmu ita kaɗai ke da su. Baba shi ne na farko a zuriyarmu da aska ba ta taɓa fuskarsa ba.

A makaranta muna da malamin zane, Malam Ishaya, wanda ya yi karatu a Zariya, dogo, mai keke, kullum da fenti a gefen farcensa. Shi ya fara ba ni aron akwatin fentin ruwa, na gwangwani, da burushi biyu. Dokarsa ɗaya ce, yana maimaita ta har mu gaji: farin takarda shi ne haskenki, in kika rufe shi ba ya dawowa. Na zana tasha, na zana rafi, na zana akuyar maƙwabta. Sau uku na gwada fuskar Kaka. Amma takarda ba ta bushewa da damina, da na ja layin tsaga sai ya baje ya shige cikin kunci, fuskar ta fito kamar ta wadda nake tunowa a mafarki, ga ta nan kuma ba ita ba.

Wata Asabar Baba ya ce za a ɗauki Kaka hoto. Bai faɗi dalili ba, kowa ya san na ajiyewa ne saboda bayan ranta. Aka ɗaura mata sabuwar atamfa, na riƙe hannunta har shagon mai hoto a layin kasuwa. Ya zaunar da ita a gaban labule mai zanen bene da jirgin sama, ya gyara mata haɓa da yatsa, ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyallensa. Da aka gama, yana rubuta mana ranar karɓa, sai ya rage murya.

"Oga, a gyara fuska?"

Baba ya dubi ƙasa. "Yadda kuke yi wa kowa," ya ce.

Ban gane ba sai da aka aike ni karɓowa na tarar bai gama ba. Ya ɗora fim ɗin a kan wani akwati mai fitila a ciki, yana bin fuskar da fensir mai tsini kamar allura, a hankali, yana huci ta hanci. Gaskiya ya iya aiki. Na tsaya ina kallon tsagar Kaka tana ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Da hoton ya zo gida a cikin gilashi, Baba ya buga ƙusa a falo, kusa da kalandar majami'a. Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ta shigo gaisuwa ta tsaya a gabansa tana tafa hannu.

"Kai, Mama ya koma yarinya fa. Dattijo, saura ka karɓi sadaki."

Aka yi dariya. Kaka ta ce a sauko mata da shi. Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta kawo kusa da hancinta, ta nesanta, ta juya bayansa kamar tana neman sauran a can.

"Atamfar tawa ce," ta ce. "'Yar wa kuka ɗaura wa?"

Aka sake yin dariya, Baba ya karɓa ya mayar. Da yamma muna jajjage da Mamanmu, ita ta gaya mini abin da ban tambaya ba. Ta ce lokacin da Baba yake makarantar mishan, Kaka takan yi tafiyar wuni guda da ƙwaryar acca a ka ta kai masa. Yara su taru suna ƙirga mata fuska da ƙarfi, suna cewa ga uwar arne. Shi kuma ya koyi tarar ta a bayan aji, ya karɓi ƙwaryar da sauri. Mamanmu ta ce, "Kada ki ga laifinsa. Kada kuma ki ce na faɗa."

Daga ranar Kaka ta daina zama a falo. Gindin mangwaro ta koma, in ruwa ya zo ta shiga madafa. A nan, wata rana bayan an ɗauke ruwa, ganye yana ɗiga a kan tabarma, ta kama yatsana ta ɗora a kuncinta. Ta bi da ni layi-layi. Waɗannan na gidan ubanta ne. Waɗannan na goshi an yi su shekarar da za ta yi aure. Wata tsohuwa ce ta yi, da ƙaramar aska, uwar Kaka ta riƙe mata kai a cinya tana yi mata waƙa, ita kuma ta zuba ido ga wata shirwa da ke kewaya sama, ba ta yi kuka ba. Fatarta tana da sanyi da laushi, tsagar kuma ta ɗan taso, kamar zare a ƙarƙashin tufa.

"In na je can, uwata za ta gane ni, wannan ba ya damuna," ta ce. "Amma 'ya'yanki fa, Hawainiya? Za su shigo ɗakin nan a ce musu ga kakarku, su gaida baƙuwa. Ita za ta zauna a bango tana cin sunana."

Ni kuwa fentina ya riga ya kasa.

A makon nan ne Malam Ishaya ya tsai da ni bayan an tashi. Ya ce za a yi gasar zane ta makarantun jiha, wanda ya ci za a kai shi Kaduna ya yi dogon hutu a hannun ƙwararru, daga nan kuma hanyar Zariya a buɗe take. Makarantarmu zane ɗaya za ta aika, kuma abin da aka aika ba ya dawowa, can ake ajiye shi. Sai ya buɗe jakarsa ya fito da wani abu naɗe a tsohuwar jarida. Kwali ne mai kauri, girman littafin rajista, an shafe shi da farar ƙasa mai santsi, an rufe farin da baƙar tawada. Ba a zana masa komai, karce shi ake yi, duk inda tsini ya bi fari ya fito. Ya faɗi sunansa da Turanci, ni dai allon karce nake ce masa har yau. Shi kaɗai ya rage masa tun daga Zariya. Ya haɗa mini da wani ɓalle kamar tafin hannu don gwaji, da bakin alƙalamin ƙarfe da ya wasa a dutse.

"A fentin ruwa haske kike tsarewa, a nan duhu za ki tsare," ya ce. "Ki je tasha ki zana mini kan jirgi. Baƙi ne, tururi fari, allon nan kamar don shi aka yi."

Na ce to. Na kuma yi niyyar zuwa tashar. Amma da na iso gida na tarar da Kaka tana gyangyaɗi, rana ta ratso ganye ta sauka a gefen fuskarta, sai na zauna da ɓallen nan a gwiwa. Tsinin ya shiga baƙin da ɗan ƙara kamar tafiyar ƙwaro a busasshen ganye, layi ya fito fari tas, siriri, bai baje ba. Na ja na biyu, na ja na uku. Kafin ta farka na jera tsagar kuncinta duka, farare a kan baƙi, na miƙa mata ina jiran yabo. Ta duba, ta tofar da yawu gefe, ta ture hannuna.

"Kin mai da ni dodo. Farin layi a fuska, ai sai mai fitowa daga kurmi. Ni mutum ce."

Na ce ai tsaga yanka ce, ni ma yankawa na yi.

"Yanka rabin aiki ne. Da tsohuwar ta gama sai ta kankaro baƙin tukunya, ta kwaɓa da man maɗaci ta cusa a ciki. Baƙin nan shi ne ni. Ke kuma shi kika zubar a tabarma."

Na dubi cinyata, ga garin baƙi ya zuba a kan siket ɗina. A nan na gane aikin da ke gabana, ya kuma ba ni tsoro. Tsagar ba ita zan karce ba. Ita zan bari. Duk sauran fuskar zan karce, kunci da goshi da haɓa, gashi-gashi, in kewaye kowane layi ta gefe biyu in bar shi tsaye da baƙinsa na asali. In hannuna ya goce sau ɗaya, layin ya tsinke ke nan. Ban koma ga maganar jirgi ba. Washegari na warware babban allon daga jarida.

Mako uku na yi, kullum daga tashi makaranta har rana ta faɗa bayan rumbun maƙwabta. Ban tuna na ci abinci a kwanakin nan ba, ko da yake dole na ci. Abin da na tuna shi ne ƙamshin ƙasa, da kukan jirgi daga nesa, da yadda fuskar take tasowa daga cikin baƙin a hankali, kamar mutum yana fitowa daga ɗaki mai duhu zuwa bakin ƙofa. Hanci ya fara fitowa, sannan ƙashin kunci. Kaka ta zauna mini ta gefen hagu, tana ba ni labarin mutanen da suka mutu kafin a haifi Baba, tana yin barci a tsakiyar magana, ta farka ta ci gaba daga wani wurin dabam. Wani lokaci in ɗago kai in rasa wacce ce ke numfashi, ta tabarma ko ta gwiwata.

"Kin kai ina?"

"Goshi, Kaka."

"Bakwai ne. Kada ki yi mini rowa."

Ranar da na kai wa Malam Ishaya, na ajiye a teburinsa na ja baya ina jiran faɗa. Ya daɗe bai ɗago ba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ina jirgina?" ya ce, amma ba da fushi ba. Sai ya jawo takardar gasa ya fara rubuta sunana. "Wannan zai ci. Ban taɓa gaya wa ɗalibi haka ba."

Na miƙa hannu na ɗauki allon, na naɗe shi a jarida, na fita. Ko sallama ban yi ba, domin na san in na buɗe baki "to" zan ce.

Ran Lahadi bayan sujada muka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Baba bai ko cire kwat ɗinsa ba. Aka shimfiɗa wa Malam kujera a gindin mangwaro, kusa da tabarmar Kaka, aka kawo masa kunu, aka kira ni. Ya yi wa Baba bayani tiryan-tiryan: gasar, da Kaduna, da Zariya, da cewa Laraba za a rufe karɓa, kuma babu wani allon, babu lokacin yin wani zanen da zai kai wannan.

"Dattijo, yarinyar nan Allah ya ba ta hannu. Ni dai na yi nawa. Ka yi mata magana."

"Rifkatu, kawo in gani," Baba ya ce.

Na kawo. Ya warware jaridar a kan gwiwarsa. Ya dubi zanen, sannan ya juya ga Malam.

"In an aika, yaushe zai dawo?"

"Ba ya dawowa," Malam ya ce. "Amma mutane da yawa za su gani. Manyan mutane."

Baba ya juyo gare ni. A gidanmu ba a tambayar yaro abin da yake so, ban san abin da ya sa ya tambaya ran nan ba.

"Ke me kika ce?"

Ina son Kaduna, kada wani ya gaya muku ba na so. Na sha kwanciya ina ganin kaina a tagar jirgi da akwatin fenti a cinya. Amma acca ta riga ta fara ja a gonakin bayan gari, na gani a hanyar makaranta. Na dubi yatsun ƙafata, muryata ta fito ƙarama kamar ta wata.

"Na Kaka ne. A gidan nan zai zauna."

"Ki sake yi mata wani daga baya mana," in ji Malam.

"Babu daga baya, Malam."

Ya dube ni, ya dubi tsohuwar da ke zaune da kumburarrun ƙafafu, ya ajiye kofin kunun bai shanye ba. Ya yi wa Baba sallama da ladabi, ya tura kekensa har waje bai hau ba. Zanen wata 'yar aji biyar aka aika. Bai ƙara tsai da ni bayan an tashi ba, a ƙarshen shekara kuma aka yi masa canjin wurin aiki. Ni na tafi kwalejin horon malamai kamar sauran 'yan mata, na koyar da ƙananan yara, na haife ku, na fi shekara goma kafin in sake riƙe allon karce na gaske. Abin da ya ci mini ke nan, ban kuma ce kaɗan ba ne. Har yau ina jin nauyin mutumin nan, allonsa na ƙarshe ya ba ni.

Ran nan dai Malam ya fita ya bar mu a gindin mangwaro. Baba yana nan zaune da allon a gwiwa, yana bin layukan da ido, leɓensa yana motsi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kin bar ɗaya."

Na ce ban bari ba, Kaka da kanta ta ƙirga mini.

"Akwai wata a ƙarƙashin kunne. Gajeriya, a karkace."

Gaskiyarsa ne. Na gan ta tun ranar farko. Amma ba ta cikin waɗanda Kaka ta bi da yatsana a kansu, ba ta kuma jeru da sauran ba, sai na ga tana ɓata tsari, na karce wurin ya zama fari. Kunya ta rufe ni. Ashe ni ma na yi nawa gyaran fuskar.

Baba ya zaro alƙalaminsa daga aljihun kwat, wanda yake rubuta sanarwar majami'a da shi. Ya cire murfin, ya gwada a bayan hannunsa, ya sunkuya. Ya ja ɗan layi a ƙarƙashin kunnen. Tawadarsa mai shuɗi-shuɗi ce, ba ta saje da baƙin allon ba.

"Me yake ƙara mini?" Kaka ta tambaya.

"Ta ƙarƙashin kunne, Ayang. Ita nake kallo in kin goya ni."

Kaka ta kai hannu ta shafa wurin a wuyanta. Sai kafaɗunta suka fara girgiza, dariya ta ƙwace mata har da tari.

"Wannan ai ba ta tsohuwar ba ce. Kai ka yi mini ita. Ina yankan acca kana baya, ka fizgi lauje."

Baba ya tsaya da alƙalami a hannu, babban mutum da kwat, bakinsa a ɗan buɗe.

"To a goge?" ya ce.

"Wa ya ce ka goge? Na fi shekara arba'in ina ɗauke da ita."

Ya hura tawadar har ta bushe. Sannan ya tashi ya shiga falo da allon, muka ji yana jan kujera zuwa jikin bango. Hoton nan ya sauko da shi ya zare, zai sa allon a madadinsa. Allon ya fi gidan gilashin kauri, bayan ya ƙi rufuwa, ya yi ta fama da shi. Can ya leƙo ta taga, zufa a goshinsa.

"Rifkatu, zo ki riƙe mini kakarki, kada ta faɗi."